Fitilun Hannun Malama

Yayana mai gyaran rediyo ne. Shekara talatin da huɗu yana zaune a shago ɗaya, wani ɗan tsukukun ɗaki a ƙarƙashin bene, tsakanin mai sayar da fenti da mai ɗinkin labule. Duk mutanen layin, Mai Rediyo suke ce masa, har yaran da ba su taɓa ganin rediyo mai eriya ba. Ni kuwa Auta yake ce mini, ko da yake yanzu jikokina biyu. In ka shiga shagon, ƙaurin dalma ne zai fara tarbar ka, sannan ka ga ƙeyarsa, don kullum fuskarsa tana kan tebur. Matattun talabijin sun hau kan juna har rufi. Masu su sun kawo tun shekaru sun manta, shi kuma ya kasa zubarwa.

Sana'ar ta daɗe tana zamewa daga hannunsa. Da, mutum kan rungumo rediyonsa kamar mara lafiya ya ce a duba masa. Yanzu abu na yin tari sai a jefar a sayi sabo. Abin da ya rage wa Yaya shi ne caja, da fanka, da dutsen guga, sai jefi-jefi wani ya kawo lasifikar da ta fashe. Yakan ce da can shi likita ne, yanzu ya koma mai gadin maƙabarta. Ba ya dariya in ya faɗa, mu ne muke yi.

Ni a kantin magani nake aiki, can ƙarshen layin. In an ba ni hutun rana, shagonsa nake zuwa in zauna a kan wata tsohuwar lasifika in ci abin da na zo da shi. Shi ya sa abin da zan faɗa, yawancinsa a idona ya faru.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Shekara ashirin da bakwai tana koyarwa. Tana da irin muryar nan da take kaiwa bencin ƙarshe ba tare da an ɗaga ta ba. Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma sha tara a asibiti. Ta tashi, amma kunnuwanta ba su tashi tare da ita ba. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai abu ya kai ƙarar tsawa sannan take jin ɗan motsinsa. An gwada mata na'urar kunne har kala biyu, ta ce ba ta jin komai a ciki sai kamar ana jan tebur a kan siminti. Makaranta ta sallame ta da takardar yabo da agogon bango. 'Ya'yansu biyu kuma suna nesa, macen tana gidan mijinta a wani gari, namijin aiki ya kai shi inda sai shekara-shekara ake ganin sa.

Gidan ya koma na mutum biyu da ƙaramin allo. Ita tana magana, shi yana rubuta mata amsa da alli. Sau da yawa kafin ta amsa sai ta fara gyara masa rubutun.

"Baban yara, ƙofa da ƙa mai lanƙwasa ake rubuta ta. Goge."

Ya goge, ya sake.

Wata rana da azahar ya koma gida ya tarar ya bar makullinsa a ciki. Ya buga ƙofa, ya buga, ya kira waya, ya aika saƙo, shiru. Maƙwabta suka taru. Bayan kusan awa guda aka kira kafinta ya ɓalle ƙofar. Suna shiga suka same ta zaune taku uku daga ƙofar, ta juya baya tana ninke wanki. Ta waigo ta ga mutum takwas tsaye a falonta, da kafinta riƙe da guduma. Ta shige ɗaki. Washegari kuma buta ta ƙone a kan wuta, don ba ta ji fitonta ba.

Daga nan Yaya ya ce zai yi mata abin da zai riƙa ji a madadinta.

Ya san waya da dalma kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa rubuta wa na'ura umarni a kwamfuta ba. Yana da shekara hamsin da takwas ya fara koya, da tsohuwar kwamfutar da ɗansa ya bari, da bidiyon da yake kallo a waya yana tsayarwa yana mayarwa baya, don masu bayanin sauri suke kamar ana korar su. Wata huɗu ya yi. Abin da ya fito gwangwanin biskit ne, a cikinsa akwai bodi, wato farantin nan mai ƙwaƙwalwa da ake jona wa wayoyi, girmansa kamar tafin hannu. Ya huda wa makirfo rami a gaba, ya jera ƙananan fitilu ashirin da huɗu a kan murfin. In an buga ƙofa, shuɗi ya kama. In ƙara mai tsini ce, kamar fiton buta ko kukan waya, ja ya kama. Sauran kuma koraye ne, suna hawa suna sauka da kowane irin sauti. Waɗannan korayen ya sa su ne don ya riƙa gane ko makirfon yana aiki, ya ce zai cire daga baya, ya manta.

Aka ɗora gwangwanin a kan kanta a falo, aka jona shi da bango. Ya yi aiki. Kusan shekara guda ba a sake ɓalle ƙofa ba. In na je gidan, kafin in sauke hannu daga bugu Malama ta buɗe. Mu zauna a falo ta yi ta hira, ni ina rubutu, ita tana zuba kamar da. Na dai lura da abu ɗaya: in ta rako ni waje, ko muka haɗu da maƙwabciya a matakala, sai bakinta ya mutu, sai murmushi da ɗaga hannu. Na ɗauka kunya ce.

Sai ran nan ta ce masa, "Abin nan naka yana da kyau, amma ɗaure yake da bango kamar akuya. Ka yi mini wanda zan riƙa yawo da shi."

Ya rubuta, "Kamar yaya girmansa?"

Ta nuna tsintsiyar hannunta.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ni na san kallon, irinsa yake yi wa talabijin da aka kawo bayan ta faɗa ruwa. Amma ya rubuta, "To."

Bayan sati uku ambulan ɗauke da kayan da ya yi oda ta iso shago. Ya zazzage ta a tafin hannunsa, wasu 'yan abubuwa uku suka faɗo, kowanne bai kai gaɓar babban yatsana ba.

Na ce, "Yaya, ina bodin?"

"Ga shi kina kallo."

"Wannan? Ai in ka yi atishawa shi ke nan."

"Shi ya sa na sayi uku."

Ya yi mini bayani, ba don zan gane ba, don dai ba shi da wanda zai yi wa. Babban bodin yana da ƙafafu sama da ashirin da za a jona waya. Wannan shida gare shi, biyu ma na wuta ne. Babban yana shan wuta daga bango yadda yake so, wannan da ɗan batir kamar maɓallin riga zai rayu. Ƙwaƙwalwarsa kuma ko rubu'in ta wancan ba ta kai ba.

"Kamar a ce miki, Auta, ki kwashe kayan gida mai ɗaki huɗu ki zuba a banɗaki. Kuma ƙofa ta rufu."

Ranar farko da ya tura masa umarnin, kwamfuta ta yi tunani ta yi tunani, sannan ta fito da jan rubutu: ba wuri. Ya cire fitilu, daga ashirin da huɗu ya mayar da su biyu, shuɗi ɗaya, ja ɗaya. Korayen su ya fara sharewa, ko waiwaye bai yi ba. Ya sake turawa. Ba wuri. Ashe ba fitilun ne masu nauyi ba, ɓangaren da yake rarrabe sauti ne, wanda yake gane wannan bugun katako ne, wancan fito ne. Shi ne abin da ya ci masa wata huɗu, shi ne kuma abin da yake alfahari da shi. Dole ya zauna ya warware shi layi-layi ya sake ɗinkewa da ƙaramin zare.

A nan na fara ganin tsufan Yaya. Gilashi biyu yake sawa, ɗaya a kan ɗaya, ya ɗaure na waje da roba, ya jawo fitilar tebur har tana ƙona masa goshi. Ƙafafun bodin sun matsu da juna kamar haƙoran mataji. Hannun da ya yi shekara talatin yana ɗiga dalma inda ya ga dama, yanzu in ya kusa wurin sai ya ɗan karkaɗa. Bodi na farko ya juya masa waya, ja a wurin baƙi. Wani siririn hayaƙi ya tashi, ko ƙara babu. Ya ɗauke shi da hantsaki ya ajiye a murfin kwalba.

"Allah ya ji ƙan rai," in ji mai labule, da ya leƙo aron almakashi.

Na biyu ya rayu kwana tara. Ɗigon dalma ɗaya ya haɗe ƙafafu biyu, Yaya bai gani ba sai da ya sa batir. Ran nan bai ci abincin da na raba mana ba. Ya cire gilasan duka biyu, ya dafe idanunsa da tafin hannu.

Na ce, "Ka bar shi mana. Na falon ai yana yi."

"Ta roƙe ni."

"To ka ba wani ya yi maka."

"Wa? Duk layin nan wa ya rage da ya san bakin ƙarfen dalma daga gindinsa?"

Ya mayar da gilasan.

Na ukun ya karɓi wayoyinsa lafiya, ya karɓi umarnin da ƙyar, saura ɗan wurin da ko gaisuwa ba zai ɗauka ba. Sai kuma wata sabuwa ta ɓullo. Shago shiru, ba mai motsi, amma fitilun suna ta ƙyaftawa su kaɗai kamar masu aljanu. Ya canja makirfo, ya canja batir, ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, ya roƙi mai fenti ya daina jan gwangwanaye. Duk a banza. Sati biyu yana wannan. Masu kawo caja suka riƙa zuwa suna komawa, don in sun yi sallama ba ya ɗagowa. Daga ƙarshe ya gano: duk lokacin da fitila ta kama, tana fizgar wuta daga ɗan batirin, makirfon ya ji fizgar ya ɗauka sauti ne, ya sake kunna fitilar. Abin kansa yake ji yana amsa wa kansa. Ya tono wata 'yar kwandansa daga cikin matacciyar rediyo, abu kamar ƙwayar magani mai riƙe wuta, ya liƙa a tsakani. Fitilun suka natsu.

"Sati biyu," ya ce. "A kan abin da tun ina yaron shago na sani."

Bai yi murna ba. Ya jingina da bango ne kawai ya ce in miƙo masa ruwa.

Ya sami wata 'yar roba da mai labule yake zuba allurai, ya fafe ta, ya huda ramuka, ya ɗaura mata maɗaurin tsohon agogo. Wata uku da rabi daga ranar da ambulan ta zo, ya kai wa Malama. Ina wurin. Ta ɗaura, ya fita ya buga ƙofa, shuɗi ya kama a hannunta. Ya ɗora buta, ja ya kama. Ta ce, "Sannu da aiki, Baban yara. Allah ya saka." Ta jujjuya hannun tana dubawa ta kowane gefe, kamar mai neman wani abu, sannan ta sake cewa sannu.

Kwana biyu ta sa shi. A na uku ya gan shi a cikin durowa, tare da tsofaffin makullai.

Bai tambaye ta ba. Yaya ba ya tambaya, sai dai ya yi ta cin abu a ciki. Sati guda yana zuwa shago yana zama, ƙarfen dalma a sanyi. Da na matsa masa ya ce, "Ban san me na yi ba daidai ba. Ƙofa yana ji. Buta yana ji. Ko nauyi ya yi mata? Ko muni? Ai sai ta faɗa. Idona na zuba a abin nan, Auta."

Ranar hutuna na je gidan da hantsi, lokacin yana shago. Muka zauna a falo, gwangwanin biskit yana kan kantarsa. Na ɗauki allo na rubuta, "Me ya sa ba kya sa na hannun?"

Ta karanta, ta ajiye allon a cinyarta.

"Shi ya aiko ki?"

Na girgiza kai.

"Ina koren?" ta ce.

Ban gane ba. Ta nuna gwangwanin. Tana magana, korayen fitilun suna hawa suna sauka.

"Dube su. Yanzu huɗu ne suka kama, ko? Huɗu, ina magana da mutum ɗaya ke nan. In sun kai takwas, aji nake koyarwa. In sun wuce goma sha biyu, ihu nake. Ni ba na jin kaina, Auta. Ban san ko raɗa nake ba ko kururuwa. Su suke faɗa mini."

Na ajiye allin, ta ci gaba.

"Kin tuna rasuwar mijin maƙwabciyarmu ta sama? Na shiga, ɗaki cike, kowa ya yi jugum. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Sai na ga duk kawuna sun juyo. Wata yarinya, sa'ar 'yata, ta sa yatsa a leɓe ta yi mini haka." Ta gwada. "Ni. Shekara ashirin da bakwai ni ke sa yatsa a leɓe yara su yi tsit. A asibiti kuma akasin haka, na yi ta yi wa mai ba da kati bayani, ashe iska kawai nake fitarwa, har ya gaji ya kira na bayana. Tun daga nan na ce bakina ya tsaya a falo. Da na ce ya yi mini na yawo, don in fita da murya ne. Buta kuma ai ina da ido."

Na rubuta, "Kin faɗa masa?"

"In faɗa masa me? Ba shi ya sa su ba? Na ɗauka don haka ya yi su. Na ce mutumin nan bai iya magana ba, amma ya san abin da ke damuna. Da na ga ya cire, sai na ce to, wataƙila ba zai yiwu a ƙaramin ba ne. Kin ga yadda ya rame. Ba zan ce masa ya koma ba."

Na bar ta da ɗaukarta, ban gyara mata ba.

Daga can shago na wuce. Na same shi yana warware igiyar wata fanka. Na faɗa masa duka, har yatsan yarinyar. Bai katse ni ba. Da na gama ya ci gaba da naɗe igiyar a hannu, ya warware, ya sake naɗewa.

"Korayen na gwaji ne," ya ce. "Mantawa na yi ban cire ba."

"Na sani."

"Wata huɗu ina koya wa abin nan ya bambanta ƙofa da buta. Wata uku da rabi ina matse shi. Ashe abin da take so shi ne wanda ko almajirin sana'a zai haɗa kafin shayinsa ya huce."

"To ai sai ka mayar."

"A ina? Ba wuri, Auta. Ko layi biyu ba zai ƙara ɗauka ba. Ƙafafun ma sun ƙare. Sai an fitar da wani kafin wani ya shiga."

Da yamma ya ce in raka shi. Ya zauna gabanta, ya ɗauki allo. Ya rubuta wani abu mai tsawo, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Daga ƙarshe abin da ya miƙa mata shi ne, "Kore zai shiga. Wanne zan cire, ƙofa ko buta?"

Ta kalle ni, na kalli ƙasa.

"Cire duka," ta ce. "Na falo yana kula da ƙofa. In ina waje kuma, wa zai buga mini ƙofa?"

Ya rubuta, "Duka?"

"Duka, Baban yara. Ka yi haƙuri."

Ya gyaɗa kai sau biyu uku. Ya miƙa hannu, ta tashi ta ɗauko abin daga durowa ta ba shi.

Sharewar ba ta ɗau minti goma ba. Ina zaune na ga yana danna maɓalli, layukan da ya yi wata da watanni yana tsarawa suna ɓacewa. Abin da ya rage bai cika rabin fuskar kwamfutar ba. Ya tura, karon farko ta karɓa ba gardama. Wahalar tana wurin dalma. Sai ya cire shuɗi da ja ya dasa koraye uku a kan bodin, kuma shi ne na ƙarshe, in ya ƙone sai a sake jiran sati uku. Ya sa gilasansa biyu, ya kusanto da bakin ƙarfen, hannun ya fara rawarsa. Ya janye. Ya sake, ya janye.

"Auta, zo ki riƙe mini nan."

Na zagaya na kama tsintsiyar hannunsa da hannuwana biyu, na danne ta a kan tebur, yatsunsa kaɗai ke motsi. Rabona da riƙe hannun Yaya tun yana tsallakar da ni titi zuwa makaranta. Fatar ta saki, duk tabon ƙuna. Muna jin numfashin juna. Ɗigo shida ya yi, kowanne sai ya ce, "Kar ki motsa," alhali ba ni ke motsin ba. Da ya gama na shidan ya ajiye ƙarfen, ya ce in sake shi, na ga rigarsa ta jiƙe har baya.

Saura awo. Hannu ba kamar kantar falo ba ne, yana nesa da baki, yana kusa, yana lilo. Dole a saita abin da muryarta. Ranar Asabar da safe muka yi, a falo. Ta ɗauko wani tsohon littafin karatu na 'yan aji uku, ta ɗora hannu a cinya yadda za ta zauna a gidan mutane, ta fara karantawa. Ni ce mai sauraro. Yaya ya sa ni kusa da ita, sannan bakin ƙofa, sannan cikin kicin. In na ji daidai in ɗaga yatsa ɗaya, in ta yi ƙasa in nuna sama, in ta yi yawa in toshe kunne. Shi kuma yana durƙushe gefenta da ɗan sukundireba yana murɗa wani ƙanƙanin dunƙule a jikin robar, kaɗan-kaɗan. Fitila ɗaya, raɗa. Biyu, hira. Uku, a sassauta.

Labarin wani kare ne da ya bi mai shi kasuwa. Sau goma sha ɗaya ta karanta shi. A na bakwai na haddace. A na tara gwiwar Yaya ta ƙage, sai da muka kama shi muka ɗora a kujera, ya ƙarasa murɗin a zaune, ita ta miƙo masa hannu.

"Kin gaji?" ya rubuta.

"Ni da na karanta shi shekara ashirin da bakwai? Murɗa kawai."

Abin bai zama cikakke ba. Batirin awa shida yake yi ya mutu. In akwai iska, ko babbar mota ta wuce, fitilun uku duka sai su kama, ta tsaya ta jira. A cikin taro mai hayaniya ba shi da amfani ko kaɗan. Sau biyu maɗaurin yana tsinkewa. Amma ta fara fita. Tana zuwa kantinmu da kanta ta faɗi sunan maganin ciwon gwiwarsa, ta yi ciniki da mai kayan miya, ta tsaya a matakala ta yi hira da maƙwabciyar sama. Tana magana tana satar kallon hannunta, har mai fenti ya ce wa Yaya, "Malama dai kullum cikin sauri take, ana gaisawa tana duba agogo." Yaya bai gyara masa ba.

Shi kuwa aikin ya tafi da wani abu a jikinsa da bai dawo ba. Yanzu sai hantsi ya yi sosai yake buɗe shago, kafin la'asar ya fara tattara kaya. Ƙananan gyare-gyare yakan ce a kai wani wuri.

Watan jiya wata mata ta zo da rana ina zaune. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ga abin a hannun Malama a asibiti ta tambayi inda aka samo. Mahaifinta ne ya kurumce, yana yi wa mutanen gida tsawa bai sani ba, jikoki har gudun sa suke.

"Baba, ko guda ɗaya ne ka taimaka ka yi mana."

Yaya ya saurare ta har ta gama. Ya tambayi shekarun tsohon, ya tambaya ko yana gani sosai. Sannan ya ce, "'Yata, ba zan iya ba."

"Ba gaggawa, ko wata nawa ne za mu jira."

"Ba lokaci ba ne." Ya ɗaga hannunsa ya nuna mata, yana rawa a iska. "Wancan ma da hannu huɗu aka yi shi."

Ya yago takarda daga wani tsohon littafi, ya zana mata bodin da ƙafafunsa shida, ya ja layi daga kowace zuwa inda za ta, ya rubuta sunayen kayan da manyan baƙaƙe. Ya kewaye kwandansar sau biyu, ya rubuta a gefe, kar a manta da wannan. Ya ce ta kawo filashi gobe ya zuba mata umarnin, ta nemi wani mai sauran ido, ko cikin masu gyaran waya, ya haɗa mata.

"Kuma kafin a fara," ya ce, "ki zauna da tsohon ki tambaye shi me yake so abin ya yi masa. Ki ba shi takarda, ki jira ya gama."

Ta ninke zanen ta sa a jaka, ta yi godiya ta tafi. Ya zare ƙarfen dalma daga wuta, ya kashe fitilar tebur, ya ce in taya shi jawo ƙofar, don ta fara yi masa nauyi.